Baƙon Ɓera da Abin da Ya Goyo: Daga Bakin Teku Zuwa Fadamar Kebbi

Idan ka tambayi magidanci a Dangoma, ko a Gayi da suke mazaɓa ɗaya a ƙaramar hukumar Kalgo, tun yaushe ɓera yake gidansu, zai yi maka kallon wanda ya rasa abin tambaya. Ai tun da aka fara zuba hatsi a rumbu ɓera ke biye da shi. Yana da gaskiya, amma da saura. Ɓeran da kakanninmu suka sani, wanda masana ke kira Mastomis, ɗan ƙasa ne. Gashinsa da laushi, wutsiyarsa ba ta wuce tsawon jikinsa, rami yake haƙawa a gindin bango, macen kuwa in ka birkice ta za ka ƙirga nonuwa har ashirin, wani lokaci ma fiye. Akwai kuma waɗanda Afirka ta Yamma ba ta san su ba sai daga baya. Babbansu shi ne baƙin ɓera, mai fala-falan kunnuwa da wutsiyar da ta fi jikinsa tsawo, macensa galibi nonuwa goma gare ta. Shi sama yake bi: kan azara, cikin silin, bisa buhunan da aka jibge. Asalinsa ƙasar Indiya. Sai ɗan mitsitsin ɓeran gida, shi ma daga nahiyar Asiya, wanda kafar da ɗan yatsa zai shiga ta ishe shi ƙofa.

Babu ɗayansu da ya zo da ƙafarsa. Jiragen ruwan Turawa ne suka sauke su a gaɓar teku, tun daga zuwan 'yan Fotugal a ƙarni na 15, kuma sun daɗe ba su wuce garuruwan bakin ruwa ba, irin su Saint-Louis da Faransawa suka kafa a bakin kogin Senegal a 1659. Baƙin ɓera ba ya iya keta busasshen daji mai nisa, sai an ɗauke shi. Fataken goro da ke ratsa Jega zuwa Gwanja kuwa kowane zango sai sun sauke kaya sun kwance mangala, ɓera bai da maɓoyar da zai yi wata biyu a cikinta. Jirgin ƙasa ne ya fara sauya lamarin. Dogo ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, don kwasar gyaɗa da auduga, taragon da ya kai kaya Legas kuma shi ne zai komo arewa da duk abin da ya laɓe a cikinsa. Turawan mulki sun san haɗarin, don annobar da ƙumar ɓera ke yaɗawa ta ɓarke a Dakar a 1914, ta kuma addabi Legas daga 1924 har 1931. Dogo dai bai taɓa zuwa ƙasar Gwandu ba. Mutanenmu na lissafa wannan cikin hakkin da aka tauye musu, kuma haka ne, amma a ganina ya ba rumbunanmu jinkirin shekaru masu yawa.

Annoba ta cizon ƙuma ce. Abin da ya dame mu a nan shi ne wanda ke shiga ta baki, wato tsutsotsi da ƙananan halittun da ke zaune a jikin dabba su bi abinci ko ruwa su isa ga mutum.

Turai ce ta fara ɗanɗana kuɗarta. A 1835 wani ɗalibin likita mai suna James Paget, yana feɗe gawa a asibitin St Bartholomew da ke Landan, ya lura da wasu fararen ɗige-ɗige a cikin tsoka. Da aka duba da madubin likita sai ga 'yan tsutsotsi a naɗe, waɗanda yanzu ake kira Tirikinela. A 1860 Friedrich Zenker ya nuna a Dresden cewa naman alade ne ke kai su jikin mutum kuma suna kisa. Shekara biyar bayan haka, a ƙauyen Hedersleben na Jamus, mutum 337 suka kwanta, 101 suka mutu. Alade ya ci mushen ɓera, ɓera ya ci guntun naman alade, haka abin ke juyawa. Daga nan Jamusawa suka tilasta duba naman da madubi, gonakinsu suka tsarkaka sannu a hankali, amma tsutsar ta ci gaba da zamanta a daji. Dajin kuma mutane da kansu suka ƙara masa baƙi. Tsakanin 1929 da 1955 Tarayyar Sobiyat ta saki kimanin 9,000 na wata dabba mai kama da dila, 'yar gabashin Asiya, wadda Japanawa ke kira tanuki, don kawai gashinta. Yau ta bazu har Finlan da Folan da Jamus, tana ɗauke da Tirikinela da kuma wata 'yar tsila da ƙwanta ke maƙalewa a ganye da 'ya'yan itacen daji, in ya shiga mutum ya ci hanta kamar sankara. A 1934 aka saki wata dabbar Amurka mai suna rakun, maza biyu mata biyu, a bakin tafkin Eder a Jamus. Jikokinsu sun cika ƙasar, da wata tsutsar ciki da kan haye ƙwaƙwalwar yaron da ya ci ƙasa. A Amurka kuwa aladun da suka koma daji, waɗanda Sifaniyawa suka fara kaiwa Florida a 1539, sun kai miliyoyi.

Bahaushe ya karanta wannan sai ya ce Alhamdu lillahi, mu dai ba mu cin alade. Kuma ba ƙaramar garkuwa ba ce. Ko da Tirikinela ta bayyana a Senegal a shekarun 1960, Turawan da suka ci naman mugun dawa ta kama. Sai dai akwai wata halittar da ba ta bi ta haramtaccen nama. Ta tunkiya da akuya da kaza take bi, da latas, da ruwan rijiya.

Sunanta Toksofilasma, kuma a Afirka aka fara ganinta. A 1908 Charles Nicolle da Louis Manceaux, a cibiyar Pasteur da ke Tunis, suka same ta a jikin gundi, wani ɗan ɓeran duwatsu na arewacin Afirka. A shekarar nan dai Alfonso Splendore ya gan ta a jikin zomo a Barazil. An yi shekara talatin ana mata kallon abin sha'awar ɗakin gwaji, sai a 1939 likitoci a New York suka tabbatar tana lalata ƙwaƙwalwa da idon jariri tun yana ciki. A shekarun 1950 aka gane a New Zealand cewa ita ce ke sa tumaki ɓari garke-garke. A 1965 Georges Desmonts ya bi diddigin yaran da ke jinyar tarin fuka a wani asibiti kusa da Faris, inda ake ba su naman da bai dahu ba da sunan ƙarin ƙarfi. Yawan masu kamuwa a shekara ya tashi daga kashi 10 cikin ɗari zuwa 50 da aka ba su naman shanu da na doki, da aka koma na rago kuwa sai ya game kusan kowa. Amma ta ina tunkiya, wadda ba ta cin nama, take samu? Ba a warware wannan ba sai 1970, da aka gano cewa a hanjin kyanwa da danginta kaɗai wannan halitta ke yin ƙwai.

Ga yadda abin ke tafiya. Kyanwa, galibi 'yar ƙarama mai koyon farauta, ta kama ɓeran da ke da cutar a ƙwaƙwalwa da tsoka. Bayan 'yan kwanaki ta fara zubar da ƙwayayen a kashinta, miliyoyi, na mako ɗaya zuwa uku, ita kuma lafiyarta lau. Ta tone ƙasa ta binne, kamar yadda ta saba, a gindin randa, ko cikin dusar da aka ajiye wa tumaki, ko a lallausar ƙasar lambu. Cikin kwana ɗaya zuwa biyar ƙwan ya nuna, kuma in ƙasar na da laima da inuwa zai wuce shekara da ransa. Tunkiya ta lasa, kaza ta tsattsaga, wani ɓeran ya ci. Masana a Oxford sun nuna a shekara ta 2000 cewa ɓeran da ya kamu yakan daina gudun warin fitsarin kyanwa, har ma ya riƙa kusantarsa, wato halittar na tura shi bakin da take son komawa. Ana ƙiyasta kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya na ɗauke da ita, mafi yawansu ba su taɓa sanin sun kamu ba. Masu shan wuya su ne macen da ta fara kamuwa tana da juna biyu, da abin da ke cikinta, da wanda garkuwar jikinsa ta karye. Tun daga shekarun 1980 ta zama ɗaya daga cikin manyan cututtukan da ke kama ƙwaƙwalwar masu ƙanjamau.

Malaman ƙasar Gwandu ba su bar ɓera a baya ba. Duk almajirin da ya karanta Risala a zaure ya ji hukuncin man shanu ko zuma da ɓera ya mutu a ciki: in narkakke ne a zubar, in daskararre ne a yashe wurin da kewayensa a ci saura. Kyanwa kuwa an ɗauke ta 'yar gida, ba a ƙyamar abin da ta sa baki. Hukuncin ya yi maganin abin da ido ke gani. Toksofilasma kuwa ba ta da wari ba ta da launi, kuma ta hannun mai tsaron rumbun take shigowa. Kada a ce na ce a kori kyanwa. Gidan da ba kyanwa ɓera ne sarki. Abin lura shi ne duk inda ɓera ya yawaita kyanwa za ta yawaita, 'ya'yanta masu zubar da ƙwai su ma haka.

To ina ruwan baƙon ɓera, tunda ɗan ƙasa ma yana iya ɗaukar cutar? Senegal ce ta ba da amsa. Can masana sun yi shekaru suna kafa tarko gari-gari, har suka iya zana tafiyar baƙin a taswira. Ƙaramin ɓeran gida, da a da bai wuce bakin teku ba, ya bi kwalta ya mamaye arewa da tsakiyar ƙasar, kuma a ƙauyuka da dama ya kori ɗan ƙasa ƙaƙaf. Baƙin ɓera ya isa Kedugu, can kudu maso gabas, a ƙarshen shekarun 1990, bayan an shimfiɗa kwalta daga Tambakunda. A 2019 Lokman Galal da abokan aikinsa na jami'ar Limoges a Faransa suka fitar da sakamakon gwajin Toksofilasma da suka samo daga kaji da sauran dabbobin gida. A Saint-Louis da Dakar, tsofaffin tashoshin jiragen ruwa, irin na Turai ne ya fi yawa. A Kedugu irin na Afirka ne. Bayanin da suka bayar shi ne irin na Afirka yakan kashe ƙaramin ɓeran gida da wuri, alhali ɓerayen ƙasa na jure masa, don haka duk inda baƙo ya maye gurbin ɗan ƙasa, irin cutar ma sai ya sauya. Wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin ire-iren ba ƙarfinsu ɗaya ba. Na Barazil, alal misali, sun fi na Turai lalata ido nesa ba kusa ba.

Mafi kusa da mu shi ne aikin da aka yi a Yamai daga 2009 zuwa 2011. Madougou Garba na hukumar kare tsirrai ta Nijar da Gauthier Dobigny na cibiyar bincike ta Faransa, IRD, tare da cibiyar Agrhymet da jami'ar Abdou Moumouni, suka bi birnin unguwa-unguwa da tarkunan waya. Abin da suka sa a tarkon zai ba Bahaushe dariya: markaɗaɗɗiyar gyaɗa da garin daddawa. Dama an ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Abin da suka samu ya fito sarai. A gidajen talakawa ɓeran ƙasa ne ke mulki. Baƙin ɓera kuwa ya kama mayanka, da kasuwanni, da tashar mota, da manyan sito, da masana'antar casar shinkafa. Ƙaramin ɓeran gida ya tare a kewayen babbar kasuwa. Da wuya a samu baƙo da ɗan ƙasa a wuri ɗaya. Wani binciken da ya biyo baya a 2016 ya nuna baƙin ɓera a garuruwan da ke kan hanyar manyan motoci daga Kwatano, ciki har da Doso da Gaya.

Da suka gwada jinin ɓeraye sama da 700 na Yamai, kimanin biyu cikin ɗari ne kawai suka nuna alamar Toksofilasma, kamar yadda aka wallafa a 2013. Adadi ne ƙarami, kuma bai kamata a ɓoye shi don a tsorata mutane ba. Ranar Sahel na gasa ƙwan, iskar bazara ta busar da shi. Wannan ita ce garkuwarmu ta biyu bayan nisa. Ta uku ita ce yadda muke dafa nama har sai ya saki ƙashi. Zafin da ya kai digiri 67 a tsakiyar tsoka ya gama da ita, miyarmu kuwa ta wuce nan. Kilishi ma bayan shanya sai ya hau wuta.

Yanzu a dubi taswira. Daga Gaya zuwa Kamba tafiya ce 'yar kaɗan. Daga Kamba hanya ta biyo Bunza ta faɗo Kalgo, nan ta rabu, ɗaya ta yi Birnin Kebbi ɗaya ta yi Jega. Lokacin da aka ƙirƙiro jihar Kebbi ranar 27 ga Agusta 1991, Birnin Kebbi gari ne mai kwana da wuri. A Nuwamba 2015 aka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance na Babban Bankin Nijeriya a Birnin Kebbi, a Disamba 2016 shinkafar haɗin gwiwar Legas da Kebbi ta shiga kasuwa, manyan injinan casa suka tashi a Argungu da Birnin Kebbi, ƙanana kuma a kusan kowane gari. Noman rani ya bunƙasa, injin ban ruwa ya cika fadama. Alheri ne, ba mai musu. Amma a lissafa abin da ya zo tare da shi: tireloli masu kwana a Legas da Kano su wayi gari a bakin sito, buhunan shanshera jibge har rufi na watanni, tulin ɓuntu a bayan inji, da ƙasar da a da take bushewa ƙaƙas wata bakwai yanzu tana cikin laima har bazara. Waɗannan su ne ainihin wuraren da aka samu baƙon a Yamai, wannan kuma ita ce ƙasar da ƙwan ke so. Ambaliya irin ta 2020, da ta cinye gonakin shinkafar Kebbi, takan kuma kora ɓeraye tudu, cikin gidaje, ta wanke ƙasar tsakar gida zuwa rijiyoyin da ba su da murfi.

Rumbun gargajiya ya cancanci a yaba masa a nan. An ɗora shi kan duwatsu, iska na wucewa ta ƙasa, kyanwa da kaji na kai-komo a gindinsa, jikinsa sumul, bakinsa a sama an liƙe an kifa masa hular ciyawa. Hatsin da ke ciki damma ne, ba a sussuke ba. An gina shi ne da sanin ɓeran da ke zuwa ta ƙasa. Ɗakin bulo mai rufin kwano da ya maye gurbinsa a gidaje da yawa yana da tazara tsakanin bango da rufi, da katakon da ya ratsa daga kusurwa zuwa kusurwa, ga buhuna jingine da bango. Ga mai hawa, an shimfiɗa masa hanya. Alamarsa ba ta ɓuya ga mai lura: baƙin maiƙo a jikin katako inda cikinsa ke gogawa, kashi mai tsini a saman buhu maimakon ƙasa, da gudu a silin bayan sallar isha.

Kashin nan ma da nasa. Akwai wata tsilar ɓera da ƙwanta ke fita a ciki, ƙwaron gari ya ci, a niƙa shi tare da hatsi. Wuta na kashe ta, shi ya sa ba ta cika kama mutum ba, sai yaran da ke ɗibar ɗanyen gari ko gumba. A bakin teku kuwa, tsutsar huhun ɓera da aka fara bayyanawa a Canton ta ƙasar Sin a 1935, wadda ke bi ta dodon koɗi da ganyen da ya bi ta kai, ta zagaye ƙasashe masu zafi a cikin jiragen ruwa.

Bayan da aka gano zazzaɓin Lassa a 1969, ɓeran ƙasa ne ke shan zagi a rediyo duk rani, kuma ya cancanta, shi ke ɗauke da ita. Har wani zai ce in baƙo zai kore shi, to Allah ya kawo baƙon. Ni ban ga riba a wannan musaya ba. An san halin ɗan ƙasa, an san lokacinsa. Baƙon kuwa a Nijar an same shi da wata cutar jini da ƙuma ke yaɗawa, ga ɓarnar da ya fi yi wa kayan sito.

A gari irin Dangoma, inda noma da kiwo ke gida ɗaya, wurin da abin zai fara nunawa shi ne garke. Shanu ba su cika damuwa da Toksofilasma ba, amma tumaki da awaki sukan yi ɓari ko su haifi matacce, a ce iska ce ko sabuwar ciyawa. Matar da ta kama wa akuya haihuwa da hannu, ta kwashe mahaifa, ta koma kan tukunya, ita ce a gaba, balle in tana da ciki. Haka wadda ke wanke kayan ciki ranar layya, ta yanka albasa da wuƙar da ta yanka ɗanyen nama. Haka gashin gaggawa na safiyar Sallah, wanda waje ya ƙone ciki da jini. Ɗanyen nonon akuya ma hanya ce, da latas da kabejin lambu da aka ɗauraye sau ɗaya a ruwan bokiti. Shinkafar ɓera da ake barbaɗawa a sito kuwa takan kashe kyanwa da kaza tare da ɓeran, wata biyu kuma sabbi sun cike gurbin.

Aikin da aka yi a Yamai bai fi ƙarfin Kebbi ba. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, da aka kafa a 2013, mazauninta na dindindin na kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, wato kan hanyar da ake magana. Tarkon waya maƙeran gari na iya ƙera shi, gyaɗa da daddawa kuwa ba a sayo su daga waje. A kafa a tashar Kamba, da kasuwar Jega, da mayankar Birnin Kebbi, da bayan injinan casa, sannan a gidajen Dangoma da ƙauyukan da ke nesa da kwalta, a maimaita duk shekara biyu don a ga inda iyakar baƙon take da saurin da take matsowa. A haɗa da jinin kajin gida, domin kaza a ƙasa take kiwo, masana sun daɗe suna auna yawan ƙwan da ke cikin ƙasar gari da ita, kuma kowace ranar kasuwa ana yanka isassu.